Ganga Za Ta Bi Na'ura, Ko Kuwa Na'ura Za Ta Bi Ganga?

Jama'a, ku yi mini aikin gafara, yau zan ɗauke ku zuwa wata ƙasa mai nisa a kan wata magana wadda in an ji ta da fari sai a ce ba ta taka kara ta karya ba. Maganar kuwa ta ɗan ɗigon nan ce da ake rubuta kiɗa da shi, watau ko a bar shi baƙi mulmulalle, ko a mai da shi giciye irin harafin x, ko mai kusurwa uku. Na san wani zai ce, "Yanzu duk abin da ke damun duniya a rasa abin da za a ɓata takarda a kansa sai ɗigo?" To, mai wannan magana ya tuna shekaru nawa muka yi muna fama da tafireta maras ƙ da ɗ da ɓ, ana buga mana baƙi ya koma baki, ƙasa ta koma kasa. Wanda ya sha wannan wahala ba ya raina ƙaramar alama.

Sa'ad da nake karatu a Japan na shiga wata ƙungiyar makaɗa ta unguwarmu, masu kiɗan taiko. Taiko dai a harshensu ganga ke nan. Wadda aka fi sani ita ce nagado, gungumen itace guda da aka fafe, aka rufe bakinsa biyu da fatar sa, aka kafe fatar da ƙusoshi masu manyan kai. Akwai shime, ƙarama mai zaƙin murya wadda ake ɗaurewa tamau da igiya, ita ke riƙe wa sauran ma'auni kamar aikin kuntuku a wajen masu kalangu. Sa'an nan ga odaiko, uwar garke, wadda in aka doka ta a cikinka za ka ji kafin kunnenka. Sandunan kiɗan, bachi, miƙaƙƙu ne masu kauri, ba su da lanƙwasa irin ta gularmu, kuma biyu ake riƙewa, ɗaya a kowane hannu.

Malaminmu wani dattijo ne, kuma ba ya barin mutum ya taɓa sanda sai bakinsa ya iya kiɗan tukuna. Wannan hanya ita suke kira kuchi shoga, watau rera kiɗa da baki. Kowane bugu da sunansa. In ka doki tsakiyar fata da ƙarfi, don ke nan. In ka yi bugu biyu a jere da sauri, dama sa'an nan hagu, doko ke nan. In ka ɗan taɓa fatar a hankali, tsu ne, biyu kuwa tsuku. In ka bar fata ka bugi katakon bakin ganga, ka ne, biyu kuwa kara. In aka zo inda ba a bugu, nan ma ba a yin shiru, sai a ce su. Ita shime ma da nata baƙaƙe dabam, ten da teke, domin muryarta ba irin ta manyan ba ce. Mai karatu ya lura da abin da gaɓa ɗaya tak ke ɗauke da shi: inda za a buga, da irin ƙarfin da za a sa, da tsawon bugun, har sau da yawa da hannun da zai yi shi.

Ana nan sai ƙungiya ta sami sababbin shiga waɗanda ba su samun zuwa sai sau ɗaya a mako, aka ga ya kamata a ba su abin da za su riƙa dubawa a gida. Da yake an san ina taɓa kwamfuta, sai aka ɗora mini aikin rubuta kiɗa uku da manhajar tsara rubutun kiɗa. A nan rigimar ta samo asali.

Bari in ɗan yi bayani domin wanda bai saba da rubutun kiɗan Turawa ba. Alamar sauti a wajensu siffar ludayi gare ta, ga kai, ga mariƙi. Ana ɗora kan bisa layuka biyar: in ya hau sama murya ta hau, in ya sauka ta sauka. In kan baƙi ne sautin gajere ne, in kuwa fari ne mai rami a tsaka sai a ja shi. Abu biyu ke nan aka gina rubutun a kansu, hawa da saukar murya, da kuma tsawonta. Ko shakka babu hikima ce babba, kuma ta yi wa mawaƙansu da masu molonsu da sarewarsu aiki ɗaruruwan shekaru. Amma fa mai nagado ganga ɗaya ke gabansa, muryarta ba ta hawa ba ta sauka. Abin da rubutun ya fi ƙwarewa a kai shi ba ya bukatarsa, abin da yake bukata kuma kan alamar bai tanada ba.

Na buga kiɗan farko yadda manhajar ta ba ni shi, ban taɓa kome ba. Ya fito tsaf, gwanin sha'awa, baƙaƙen kawuna a jere kamar ƙwan zabi. Mako ya zagayo, biyu daga cikin sababbin nan waɗanda suka iya karatun kiɗa tun makaranta suka tsaya suka buga. Ba su kuskure ma'auni ko sau ɗaya ba. Amma don da tsu da ka duk sun zama abu guda, kai ka ce ruwan sama ke zuba a kan kwano. Malam ya saurara har suka gama, sa'an nan ya juyo ya tambaye ni wane kiɗa ne wannan, don shi bai san shi ba. Ran nan na ji kunya iyakar ji.

Sai na koma na shiga sauya kawuna. Na bar layuka biyar na ɗauki layi ɗaya. Don na ba shi babban kai baƙi, tsu na ba shi ɗan ƙarami, ka na ba shi giciye, haɗa sanduna biyu a sama na ba shi mai siffar lu'ulu'u. Inda ake ɗaga hannu sama a riƙe ba tare da bugu ba na sa mai kusurwa uku, na kashe sautinsa don kada na'ura ta buga. A ƙarƙashin kowane kai kuma, a gurbin da aka tanada domin kalmomin waƙa, na rubuta gaɓar kuchi shoga da baƙaƙensu na katakana.

Akwai wani abokina a ƙungiyar, mutumin kirki, wanda ya yi shekaru yana koyon kiɗan ganguna a wata makarantar kiɗa a Turai. Da ya ga takardar sai ya ce na yi ɓarna. Hujjarsa uku. Ta ɗaya, akwai ƙa'ida da aka riga aka daidaita, bai kamata kowa ya tashi ya ƙago tasa ba. Ta biyu, in kowace ƙungiya ta yi haka za a wayi gari babu mai iya karanta takardar wani. Ta uku, ƙarfin bugu da rauninsa akwai alamominsu da ake sawa a sama ko a ƙasa, ba sai an taɓa kan ba. Na ji irin wannan magana a bakin mutane da dama bayansa, shi ya sa na ga ya kamata in amsa ta a fili.

Wace ƙa'ida? Wadda yake nufi ita ce ta jerin gangunan nan da mutum ɗaya ke zama a bayansu a kiɗan jaz da makamantansa. Littafin da ake kafa hujja da shi, na Norman Weinberg, a 1998 ƙungiyar Percussive Arts Society ta Amurka ta buga shi, jiya-jiyan nan. A cikin wannan tsari kowane layi da kowane tsakanin layi na wata ganga ce dabam, giciye kuwa galibi na faya-fayan ƙarfe ne. Tsari ne na mutum ɗaya mai kayan kiɗa da yawa. Taiko kuwa mutane da yawa ne, kowa da gangarsa ɗaya, yana fitar da sauti iri-iri daga cikinta. Don me za a ɗinka riga a jikin wani sa'an nan a ce kowa ya sa, wanda ta matse ya rage cin abinci? Kama da wane ai ba ta wane.

Daɗin daɗawa, su kansu masu rubutun ba su taɓa ɗaukar kan alama abin da ba a taɓawa ba. A 1801 William Little da William Smith suka fitar da littafinsu The Easy Instructor a Amurka, inda suka ba kawuna siffa huɗu, kowace siffa tana wakiltar gaɓar da mawaƙi ke furtawa: fa, sol, la, mi. A 1846 Jesse Aikin ya kai su bakwai. Dalilinsu kuwa shi ne mutanen karkara su ga siffa bakinsu ya faɗi sunanta nan take. To, ina bambancin wannan da abin da na yi? Su sun sa kai ya bi bakin mawaƙi, ni na sa ya bi bakin makaɗi. Har yau siffofin nan suna nan a cikin manhajojin tsara kiɗa, mutum ya zaɓa kawai. In an yi wa fa da sol, ban ga abin da zai hana a yi wa don da ka ba.

Kada kuma a ɗora wa na'ura laifi. Sibelius da Dorico da MuseScore da LilyPond, kowacce ta bar ƙofa a buɗe. Mutum na iya zama ya ƙayyade wa kowane bugu kansa, da layinsa, da wajen da mariƙinsa zai fuskanta, ya ajiye tsarin ya yi ta amfani da shi. A LilyPond ma yana iya cire kan ɗungum ya dasa harafin da ya ga dama a gurbinsa. Tun 2013 kuma Daniel Spreadbury ya fara tsarin nan da ake kira SMuFL, wanda ya tattara alamomin kiɗa dubbai a ƙarƙashin lambobi sanannu, kawuna kaɗai iri-iri ne a ciki. Ashe kayan aiki na nan. Abin da ya rage shi ne marubucin da zai yarda ya ɓata yini guda yana tsara su, maimakon ya karɓi abin da ya fara faɗo masa a allo ya sa masa suna ƙa'ida. Yawancin masu kiran ƙa'ida a wannan fage, in ban da abokina wanda na san da gaske yake, lalaci ne suke yi wa rawani.

Batun a sa alamar ƙarfi a sama ko a ƙasa kuwa, mai faɗin haka bai tsaya gaban nagado da gumi a idonsa ba. Takarda tana can ƙasa ko a jikin bango, taku biyu ko uku daga inda kake, hannuwanka na sama, ƙafafunka a ware. Abin da ido ke kamawa daga nan shi ne girman kai da siffarsa, 'yan ƙananan alamomin gefe sai wanda ke zaune a kujera da takarda a hancinsa. Ban da haka ma, tsu ba don ba ne da aka rage wa ƙarfi. A bakin malam sunansu dabam, a hannu ma dabam: don daga kafaɗa yake saukowa, tsu kuwa sanda ba ta nisa da fata. Abin da masu abu suka ba suna biyu, wa ya ba mu izinin rubuta shi da alama ɗaya?

Akwai wata illa da ba a cika lura da ita ba. A tsarin sautukan kayan kiɗa na General MIDI, wanda aka kafa a 1991, cikin sautuka 128 taiko guda ɗaya ya samu, lamba ta 117. Yau akwai tarin sautukan taiko masu kyau da aka ɗauka daga gangunan gaske, amma wanda ya dogara da wannan guda ɗayan, in ya danna na'ura ta karanta masa abin da ya rubuta, dum ɗaya zai yi ta ji. Matashin da ke ƙaga sabon kiɗa a ɗakinsa, ido na ganin kawuna iri ɗaya, kunne na jin sauti iri ɗaya, me zai tuna masa da ka, balle su? A hankali sai ya riƙa rubuta abin da na'ura ke iya faɗi kawai. Taiko kuwa ya riga ya bar gida. Tun 1968 Seiichi Tanaka ya buɗe makarantarsa a San Faransisko, kuma yau ƙungiyoyi na nan birjik a Amurka da Turai da Barazil, da yawansu nesa da kowane dattijo da zai juyo ya ce wane kiɗa ne wannan. Su takardar ce malaminsu na yau da kullum. In ta yi ƙarya, babu mai gyara musu.

Yanzu saura hujjarsa ta biyu, wadda ita ce mai ƙarfi, cewa za a rasa mai karanta takardar wani. Gaskiya ne ƙungiyoyi sun bambanta. Inda wasu ke cewa doko wasu doro suke cewa, wasu kuma suna ba bugun hagu mai ƙarfi suna na dabam, kon. Amma wannan bambanci ba ni na kawo shi ba, yana nan tun kafin a ƙera kwamfuta, kuma da shi ake gane wa ya koyar da wa. Maganin ruɗu ai mai sauƙi ne: layi biyar ko shida a saman shafin farko, ga alama ga ma'anarta. Masu tsara kiɗan zamani na Turai haka suke yi kullum, wani ma shafi biyu zai cika da bayanin alamominsa, ba wanda ya ce ya yi ɓarna. Ban ce kuma a jefar da layuka biyar ko'ina ba. Maki Ishii, wanda ya yi karatu a Barlin, ya tsara wa ƙungiyar Ondekoza kiɗan Monochrome a 1976, ya kuma tsara Mono-Prism wanda suka yi tare da babbar ƙungiyar makaɗa ta Boston a ƙarƙashin Seiji Ozawa a shekarar. Inda masu taiko za su zauna da masu goge da ƙaho, tilas a sami takarda ɗaya da jagora zai bi. Wancan zama dabam ne, kuma ba shi ne ake yi a zauren unguwa ran Asabar da yamma ba.

Wuri ɗaya abokina ya kama ni, kuma ba zan ɓoye ba. A gwajina na farko na ba hannun hagu farin kai mai rami, dama kuma baƙi, ina ganin na yi dabara. Ashe duk wanda ya iya karatun kiɗa, da ya ga farin kai sai ya ja shi bugu biyu, domin abin da aka koya masa ke nan tun yana yaro. Na cire shi, na mai da dama saman layi, hagu ƙasansa. Daga nan na gane iyakata: siffar da ba ta da ma'ana a tsohon rubutun ina iya ba ta sabuwa, wadda ta riga ta sami ma'ana kuwa in bar ta inda na gan ta. Na kuma rage yawansu. Da fari tara na yi, ni kaina sai na duba nake tunawa, na dawo biyar.

Akwai wani ɓangare kuma, masu cewa kada ma a rubuta sam, taiko na baki ne da jiki. Ina girmama su, kuma sun fi waɗancan kusa da gaskiya, gama babu takardar da za ta nuna maka yadda ake tsayawa, ko tsawon numfashin da ke cikin su, abin da suke kira ma. Amma su tuna yadda kiɗan taron nan da duniya ta sani ya faro. Labarin da ake bayarwa shi ne a 1951 aka kawo wa Daihachi Oguchi, makaɗin jaz a jihar Nagano, wata tsohuwar takardar kiɗa ta wurin bautar Suwa. Bai iya karanta alamominta ba sai da aka nemo wanda ya san su. Daga nan ya raba kiɗan ga ganguna manya da ƙanana, ya kafa ƙungiyar Osuwa Daiko, wadda ta yi wasa a lokacin gasar Olamfik ta Tokiyo a 1964. Da babu takardar da ba a sami abin farfaɗowa ba, da kuma babu wanda ya san alamomin da takardar ta zama abin ƙunshe ƙosai. Abin lura kuma, da alamomin gida aka rubuta ta.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ba ni tsoro. A watan Agusta na 2024 kamfanin MakeMusic ya ba da sanarwar daina Finale, manhajar da ta fito tun 1988, wadda mutane suka zuba aikin shekaru talatin da ɗoriya a cikinta. Hanyar ƙaura zuwa wata manhajar ita ce MusicXML, kuma alamomin da kowa ya sani suna tsallakewa lafiya, amma kan da mutum ya ƙera da hannunsa ba kullum yake isa can da siffarsa ba. Wani zai ce wannan ai hujja ce a kaina. A'a, hujja ce a kan wanda ya sauya kawuna sa'an nan ya bar gaɓoɓin baki. Gaɓar da aka rubuta a gurbin kalmomin waƙa rubutu ne zalla, ta fi kowace siffa juriyar tafiya, kuma ko kawunan duk sun koma baƙi mulmulalle, wanda ya ga don doko su ka a ƙasa zai iya maido su cikin yini ɗaya. Saboda haka ban yarda a fitar da takardar taiko ba tare da su ba, ko da kawunanta sun kai kawuna kyau. In an gama kuma a buga ta a takarda ta gaske a ajiye, ba a fafe gora ranar tafiya.

Da na gama gyara na kai wa malam shafukan. Ya sa tabarau, bai ko dubi kawunan da na kwana uku ina tsarawa ba, sai ya bi gaɓoɓin yana rerawa yana bugun cinyarsa. A layi na uku ya tsaya, ya ɗora yatsa. Ya ce, "Wa ya gaya maka doko ne a nan? Wannan na mutanen ƙetaren kogi ne. Mu doro muke cewa." Na ce, "Malam, ai bugun ɗaya ne." Ya miƙo mini takardar ya ce in je in gyara. Wuri goma sha ɗaya na samu, na gyara su a daren. Abokina kuwa har na baro ƙasar bai sauko daga ra'ayinsa ba, sai dai na lura takardata ce yake mannawa a bango in zai koya wa yara.